Lawali Mai Bafil, Wanda Ya Koma Jin Kiɗa Da Tafin Hannu

Ina cikin buɗe rumfata a kasuwar Wadata da safiyar Talata taksin Hamani ta tsaya a gabana shiru. Hamani Bazabarme ne, tsohon mai kawo mana aiki, kuma ban taɓa ganin motarsa babu kiɗa ba. Ya fito, ya kama hannuna, ya ce, "Kala suuru, Sanusi, sai haƙuri. Lawali ya rasu bayan asuba." Na ce innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Na waiga na dubi rumfarsa da ke manne da tawa, ƙofarta a kulle.

Yaya Lawali mutumin Tawa ne, ni kuwa daga Maraɗi na zo. Ni ina gyaran wutar mota, shi yana ɗaura rediyo da amfili mai ƙara ƙarfin sauti da bafil, wato lasifikar mota. Shekaru masu yawa muka yi bango ɗaya ya raba mu. Dukanmu baƙi ne a Yamai, iyalanmu suna gida, saboda haka kwano ɗaya muke ci da rana. Shi kaɗai yake kwana a wani ɗaki a unguwar Talaje. Matarsa ta daɗe da rasuwa, 'yarsa guda, Rabi, tana aure a Tawa.

Mutum ne marar gaggawa. In aka kawo mota bafil ɗinta yana gurnani, ba ya saurin cewa a sayi sabo. Zai durƙusa ya bi waya daga batir har cikin kofur, ma'ajiyar kaya ta baya, yana taɓa kowane haɗi da yatsa. Yakan ce, "Bafil bai san ƙarya ba. Abin da waya ta kai masa shi yake faɗa." Sau da yawa cutar ba ta wuce wayar mas ba, wadda ake ɗaurewa a jikin ƙarfen mota, in ta yi tsatsa. Ya kankare, ya ɗaure, gurnani ya ɗauke.

Na tuna wani saurayi da ya zo da motar da yake kai yara lakwal, wato makaranta, yana son manyan bafil biyu a baya da amfili mai ƙarfi. Yaya Lawali ya leƙa kujerun baya, ya ga takalmin yaro a ƙasa. Ya ce, "Ɗana, ɗaya zan sa maka, kuma ƙarami. Kunnen yaro ba a sayar da shi a kasuwa." Saurayin ya yi fushi ya tafi wani wuri. Yaya Lawali bai bi shi da ko kallo ba.

A lokacin ban san dalilin da maganar ta fito masa da nauyi haka ba. Daga baya na lura in na kira shi ta baya ba ya waigowa. Na ga ya fara ɗora tafin hannu a ƙofar mota in yana gwada aiki, idonsa a rufe. Wata rana muna cin shinkafa ya ajiye cokali ya ce, "Sanusi, kunnen nan ya tafi. Likita ya ce ƙarar aiki ce ta cinye shi. Bugu mai kauri ina jin sa a hannu, amma siririyar murya ta ɓace mini. Kada ka faɗa wa kowa. Wa zai kai rediyonsa wurin kurma?"

Daga ranar na zama kunnensa. In ya gama haɗi sai ya buga bango, in shigo kamar na zo aron kayan aiki. Yana murɗa amfili yana kallon fuskata, in sauti ya daidaita in gyaɗa kai. Masu motoci suna tafiya suna yabon kunnen Lawali. Amma hira ta ragu. Ya daina zama wurin masu shayi, don ana dariya bai san abin da aka faɗa ba. Da yamma yakan zauna a bakin rumfa, motoci suna wucewa da kiɗan da hannunsa ya ɗaura, shi kuwa yana kallon titi kawai. Ya taɓa ce mini, "Gari ya yi nisa, alhali ina cikinsa."

Rabi ta iso washegarin jana'iza. Bayan an watse ta zauna kusa da ni a tsakar gidan da yake haya, ta ce, "Baba Sanusi, ko na yi masa wani laifi ne? In ya kira ni a waya, shi kaɗai yake magana. In tambaye shi lafiyarsa, ya ce a gaida yara. Na ce masa na haihu namiji, ya ce mini damina ta yi kyau."

Na tuna alkawarin da na ɗauka. Na ga wanda aka rufa wa asirin ya riga ya tafi, mai ciwon kuwa ga ta a gabana. Na ce, "Rabi, babanki ba ya jin ki ne. Yakan matse wayar a kunne. In kin kashe, sai ya ce mini, 'Na san tana magana, ya ishe ni.'" Ta rufe fuska da mayafi, ta yi kuka mai tsawo. Da ta ɗago ta ce, "To bai san sunansa aka sa wa yaron ba." 

Ya Allah, bawanka Lawali ya zo gare Ka. Ka gafarta masa, Ka yalwata kabarinsa, Ka haskaka shi, Ka jiyar da shi kiran masu rabo ranar tsayuwa. Ka ba Rabi haƙurin wannan rashi, Ka raya mata ɗanta bisa halin kakansa. Mu da muka rage a bakin wannan titi, Ka kyautata namu ƙarshen. Amin.