Takardar da Kowa Ya Ce Lafiya Lau

A shekarun da kuɗin mai ya fara shigowa ƙasar nan, bayan an daina fam da sule an koma naira, ina aiki a wani ƙaramin ɗakin shan magani a Kankiya. Ni ba likita ba ne, iyakar karatuna firamare. Aikina in rubuta kati, in wanke gyambo in ɗaure, in tafasa allurai. Ina da hannu mai kyau a rubutu, ina kuma da wani hali da matata ke kira ciwo: ba na barin abu sai na duba shi sau uku. In na kulle ɗakin magani na kama hanyar gida, sai na komo na ja kwaɗon na ji da hannuna.

Wata damina aka turo mana wani likita daga birni, mutum mai saurin tafiya da saurin magana. Ya ce bayan an yi kaka za a aiko mota ta ɗebi marasa lafiya zuwa babban asibiti, waɗanda ciwonsu ya fi ƙarfinmu, kuma wurin zama kaɗan ne. Ba ya son a ɗauki mutum don ya san wani. Yana son ya auna yadda ciwo ya danne rayuwar kowa, manomi da malami da ɗan kasuwa da ma'aikacin ofis, sannan a ɗauki waɗanda abin ya fi yi wa nauyi. Ya zo da takarda mai tambaya ɗaya babba: yaya kake jin jikinka a kwanakin nan? Ƙarƙashinta gida huɗu: lafiya lau, da dama-dama, ba daɗi, da tsanani. Ni aka ba keke da takardun in zaga.

Na naɗe su cikin leda biyu saboda ruwa. Na fere fensir uku. Na fara da cikin gari, sannan Tafashiya, Sukuntuni, har na tsallaka ɓangaren Kusada. A cikin gari aikin ya tafi daidai. Akawu ya ce ba daɗi, kansa na sarawa da rana. Mai kanti ya ce da tsanani, cikinsa na kumburi in ya ci wake. Su sun saba da takarda, sun san abin da aka rubuta shi ake gani. Da na shiga ƙauye sai amsa ta zama ɗaya. Na tarar da mutum kurkunu ya fito masa a ƙafa biyu, yana zaune gonarsa ta cika da ciyawa, ya ce lafiya lau. Mai tarin da ya rame har ana ƙirga haƙarƙarinsa, lafiya lau. Ni kuma na rubuta, domin abin da aka ce in yi ke nan.

A Yashe akwai wani dattijon malami, mahaddaci, wanda shi ya raɗa wa ɗana na fari suna. Na iske shi a zaurensa da hantsi. Da na yi sallama ya miƙo hannu, amma ba wajena ya miƙo ba, wajen ƙyaure ya miƙa. Na matsa na kama hannun da sauri don kada ya ji kunya. A nan na ga idanunsa sun yi fari fat, yanar ido ta rufe su. Na san irin wannan ana aikinta a birni, mutum ya dawo yana gani.

Na karanta masa tambayar. Ya ce, "Lahiya lau, alhamdu lillahi."

Na ce, "Allah gafarta malam, gida huɗu ne. Bari in karanta maka sauran."

Ya saurara har na gama. Ya ce, "Ɗana, na tashi da sahe, na yi salla, an kawo mani koko na sha. In ce mi? In kai ƙarar Ubangijina wurin takarda?"

A gefen zauren akwai wani tsoho manomi yana gyaran ƙotar fartanya, ƙafarsa ɗaya a miƙe kamar icce. Taubashin malam ne, ɗan goggonsa, tare suka tashi, kuma wasan da ke tsakaninsu bai tsufa ba. Ya ce mini, "Rubuta mashi, malam na asibiti. Da lahiya lau ɗin nan jiya ya tsaya ya yi wa turmi sallama."

Malam ya ce, "Turmin ya hi ka ladabi, bai katse ni ba."

Na juya ga manomin na yi masa tambayar. Ko ɗagowa bai yi ba ya ce lahiya lau. Malam ya yi dariya ya ce, "Tambaye shi yaushe rabon gwiwar nan ta taɓa ƙasa. In ya yi sujada sai ka rantse raƙumi ne za shi kwanciya ya fasa."

Na fito na jingina keken da wata bishiyar bedi, na daɗe tsaye da takardar malam a hannuna. Akwai magogi a aljihuna. Ba wanda ke kallo. In na goge na mayar da alamar gida na huɗu, malam ya samu wuri a mota. Amma bai faɗi haka ba. Na yi ta tunanin ranar da za a tambaye ni wa ya ba ni izinin sa magana a bakin malami. Na kuma yi tunanin mai kurkunu da mai tari, waɗanda ba su raɗa wa ɗana suna ba. Na mayar da magogin aljihu, na bar alamar inda take.

Da likita ya tattara takardun ya jera sunayen masu tafiya, sai ga akawu da mai kanti a sama. Daga ƙauyuka kusan ba kowa. Ya dube ni ya ce, "Mutanen ƙauyenku da ƙarfe aka yi su?" Na koma bakin aikina, don ban saba mayar wa babba magana ba.

Kwana biyu tuwo bai shiga cikina sosai ba. Matata ta ce, "Kai da ke komawa ka duba kwaɗo sau uku, wannan ne ba za ka koma ka duba ba? Ko sai ka rame a sa ka a motar?" Na ce mata in na yi magana ana iya cewa na raina aikin likita, a sallame ni. Ta ce, "To zauna da shi, ai ya saba da kai."

Da safe na je, ina ta maimaita maganar a hanya don kada ta ɓace mini. Na ce, "Ranka ya daɗe, takardun nan ba ƙarya a cikinsu, ni na rubuta. Amma ba gaskiyar jikin mutane ba ce. Mutumin ƙauye ba ya cewa ba shi da lafiya muddin yana numfashi. A wurinsa butulci ne ga Allah." Na ba shi labarin malam da hannun da ya miƙa wa ƙyaure.

Ya ce, "Na ji. Amma tambaya dole ta zama ɗaya ga kowa. Ba za ka auna wa wannan da tiya, wancan da kwano ba."

Na ce, "Tiyar ɗaya ce, ranka ya daɗe. Sai dai wasu sun cika ta har tana zuba, wasu kuma sun kife ta don kunya."

Ya ajiye alƙalaminsa. Ya tambaye ni me nake so a tambaya. A nan na faɗa masa abin da na lura a zauren nan: ba wanda ya faɗi ciwonsa, amma duk abin da ido ke gani an faɗe shi ba wahala. Mutanenmu ba za su yi kuka ba, amma in ka nemi shaida kan abin da ya faru, ba za su yi ƙarya ba. Na ce a daina tambayar yadda mutum yake ji, a tambayi abin da yake yi. Salla a tsaye yake yi ko a zaune? Masallaci da kasuwa, da ƙafarsa yake zuwa ko sai an kai shi? Aikin da yake ci da shi, wane ɓangare ya bari? Da wa yake sa hannu a kwano? Wannan ta ƙarshe saboda masu tari da masu ciwon fata na sa ta, don na san ana ware musu kwano. Na ce salla dai akawu na yi, manomi na yi, malami na yi, ita ce awon da ya haɗa kowa.

Ya ce ya ba ni mako biyu, amma da sharaɗi: ba malam kaɗai zan koma wa ba, kowa zan sake, har akawu. Na ce da ma ba zan yarda a yi ba haka ba.

Ban taɓa wahala irin ta makonnin nan ba. Ruwa ya cinye hanya, wani wurin ni ke ɗaukar keken. Matata ta bi ni zuwa gidajen da ke kusa ta shiga wurin mata, ta tambaye su daka da jan ruwa a rijiya, ta fito ta faɗa mini ina rubutawa, ina sa ta maimaita har ta fara hararata. Amsoshi suka bambanta. Mai kurkunu ya ce bana ko kunya ɗaya bai huɗa ba, ƙannensa suka yi masa gayya. Mai tari ya ce tun bara shi kaɗai yake ci. Mai kanti kuwa a tsaye yake salla, ba ranar kasuwar da ta wuce shi, kuma waken ma bai daina ba.

Yashe na bari ƙarshe saboda tsoro. In malam ya sake rufe ƙofa, ba ni da wata dabara. Na same su su biyun a inda na bar su. Na ce, "Allah gafarta malam, yau ba lafiya na zo tambaya ba. Shaida na zo nema."

Ya ce, "Shaida ba a ɓoye ta. Tambayi."

"Wa ke kai ka masallaci?"

Ya nuna inda yake jin ƙarar fartanya ya ce, "Wanga gurgun."

Manomin ya ce, "Shina dahe da kahaɗata, ni ina jingine da shi. Mutane na cewa ka ga zumunci. Ba su san in ɗaya ya saki duk mun zube ba."

Na rubuta. Na ce wa malam, "Yaushe rabonka da alƙalami?"

Ya lalubo bayansa ya jawo gafaka, ya buɗe, ya miƙo mini. Izu sittin yake rubutawa da ka, kamar yadda mahaddata ke yi, kuma wannan ne na uku a rayuwarsa. Na bi takardun a hankali. Rubutu ne tsaf, sai can wajen izu na arba'in layuka suka fara hawa kan juna, harufa suka ƙara girma, sannan farar takarda.

Ya ce, "Damina biyu ke nan. Na ji tsoron in rubuta kuskure in bar wa bayin Allah."

Na rubuta damina biyu, na karanta masa abin da na rubuta, na tambaye shi ko haka ya ce. Ya ce haka ya ce.

Da likita ya sake jerin, sunan malam ya fito cikin na farko, tare da mai tari da wata mata da ta shekara ba ta iya tashi daga tabarma. Na duba jerin sau uku. Manomin bai samu ba, likita ya ce gwiwar ta riga ta sandare, aiki ba zai mayar da ita ba. Wannan ya tsaya mini a rai, na je da kaina na faɗa masa. Ya ce, "Ka kai makahon a gyara shi. In ya dawo sai ya ga irin wahalar da nake sha da shi."

Bayan an yanke gero motar ta zo. Malam ya yi kusan wata guda a birni, ya dawo da ido ɗaya a buɗe da tabarau mai kauri kamar gindin kwalba. Likitan ya tafi da tambayoyina huɗu a jakarsa, ya ce zai gwada su a wasu wurare. Ban san inda suka ƙare ba, kuma har yau wani lokaci ina tunanin ko akwai ta biyar da ya kamata in sa ban sa ba.

Shekara ta zagayo malam ya aiko a kira ni. Na tarar ya sauke rubutun. Ya buɗe mini daidai wurin da ya tsaya. Ya cire takardun da suka karkace ya sake su, kuma ana gane inda sabon ya fara don tawadar ta fi baƙi. Na riƙe takardar da hannu biyu, ina tsoron gumina ya taɓa ta. Na tambaye shi yaya idon.

Ya ce, "Lahiya lau, alhamdu lillahi."

Aka kira la'asar. Ya tashi ya ɗora hannun manomin a kafaɗarsa, suka fita, shi ne a gaba yana faɗa masa inda kwata take. Na bi bayansu ina tura kekena.