Shagon da Babu Sikeli

Ƙarfe bakwai na safe Ammi Lakhdar yake ɗage ƙofar shagonsa na gyaran keke a Bilida, a lungun da ke bayan masu sayar da lemu. Sai ya yayyafa ruwa a bakin ƙofa, ya karɓi gahawarsa daga hannun maƙwabcinsa Si Tahar, ya zauna yana kallon masu wucewa a kan keke. Shi ba fuska yake kallo ba, gadon baya yake kallo. Shekara arba'in da shida ke nan a haka. Alhamis mai zuwa zai rufe shagon, domin hannunsa ya soma rawa, kuma ya ce ba zai ɗaure wa ɗan wani birki da irin wannan hannun ba.

Mu masu keken tsere muna da wata irin wauta. Mutum zai cinye farantin makrud, soyayyen zaƙin nan mai dabino, shi kaɗai, zuma na ɗiga a gemunsa, sannan ya zo yana kukan giram ɗari a jikin keke. Kowane shago da sikelinsa a rataye, ana auna firam, wato ƙashin keken, kamar ana cinikin zinariya. Na Ammi Lakhdar ne kaɗai babu. In ka zo canza firam, a kan wani tsohon keke zai ɗora ka, ka je ƙarshen lungu inda kwalta ta farfashe ka dawo, har sau uku. Ya dubi kafaɗunka, ya taɓa wuyanka, ya tambayi inda ke yi maka ciwo bayan kilomita sittin, sannan ya faɗi wanda ya dace da kai, kana so ko ba ka so. Si Tahar ya sha ganin mutane sun fita suna gunaguni, wai tsoho ya maƙale a zamanin ƙarfe. Ya kuma sha ganinsu sun sayo a wani shagon, sun dawo bayan wata uku, hannu dafe da ƙugu.

Mu da muka manyanta mun san dalili. A da, duk garin babu wanda ya kai shi iya rage wa keke nauyi. Lokacin yayin huda ake yi, duk inda ƙarfe ya yi kauri sai a huda shi. A 1989 ɗansa Sufyan, abokina, zai shiga tseren dutsen Shireya, ya dinga roƙon uban ya rage masa ko giram ɗari biyu ne. Uban ya kankare gaban firam ɗin, ya huhhuda wuyan da ke riƙe da kan keken. Sikeli ya nuna abin da ake so, muka yi ta tafi, har da ni. A gangarowa, a kwanar hanya ta bakwai, ƙarfen ya karye. Ni ne a bayansa, kuma ba zan rubuta abin da na gani ba. Kwana uku da binne shi, Ammi ya sauke sikelin ya ba wani mai lemu. Ni kuwa tun ranar, in na hau dutsen, a ƙasan kwanar nake juyowa.

Bara aka yi min aiki a ƙashin baya, firam ɗina na alminiyam kuma ya tsage. Likita ya ce in ciwon ya dawo, na gama da keke ke nan. Duk da haka wautar ba ta sake ni ba. Na je wurin Ammi da hoton wani firam na tsere mai tauri, wanda bai cika kilo ɗaya ba. Ya dubi hoton, ya dubi cikina.

"Mulud, kai da wannan tumbin kake lissafin giram?" in ji shi. "Wannan duk ramin hanya a bayanka zai sauke shi. Wata biyu za ka yi ka jingine keke har abada."

Ya shiga ciki ya daɗe, sannan ya fito da wani abu naɗe a bargo. Firam ne na ƙarfe, shuɗi, ba a taɓa sa masa taya ba, babu huda ko ɗaya a jikinsa. Ashe a sanyin shekarar da Sufyan ya rasu ya haɗa shi da hannunsa, daidai awon marigayin. Tsayinmu ɗaya da shi, har musayar keke mukan yi.

"Wannan ya kamata in ba shi ranar, ko da zai yi shekara yana fushi da ni," ya ce. "Ka bi da shi ta kwana ta bakwai, ɗana, ka sauko min da shi gida."

Da aka haɗa keken, ranar Juma'a da safe na hau dutsen. Ya fi na hoton nauyi da kusan kilo guda, kuma na ji kilon nan a cinyata, har na yi wa tsohon mita a zuci. Amma a gangarowa ƙarfen ya dinga haɗiye girgizar hanya, bayana bai ce uffan ba. Na wuce kwanar ina kuka, da ƙyar nake ganin gabana.

Ba ka buɗe shago ranar Juma'a, Ammi, amma a bakin lungu na tarar da kai a tsaye. Ba ka dube ni ba. Wuyan keken ka shafa da hannun nan mai rawa, ka daɗe kana shafawa, ka ce, "Ya iso." Sai daga baya ka tuna ka tambayi bayana.

Kai ne mai auna mutum kafin ƙarfe. Kai ne ka yarda a fita shagonka ana zaginka, in dai za a koma gida da ƙafa biyu. Mun gode, Allah ya saka maka, ya jiƙan Sufyan. Ku kuma masu shagunan da sikeli ke lilo a cikinsu, ku je lungun kafin Alhamis ku ga yadda yake kallon bayan mutum. In wani ya zo yana roƙon ku rage masa giram ɗari biyu, ku fara tambayarsa wanda ke jiransa a gida.