Mai Huci da 'Yan Kunnen Yayata

Dillaliyar layinmu ba mai kiranta da sunan yanka, sai Mai Huci. Tun tana budurwa take bin gidaje da jakar sarƙoƙi da zobba, kuma duk dutsen da aka miƙa mata sai ta fara hura masa iskar baki. Marigayi mijinta ya sha cewa ko jariri aka ba ta, sai ta yi masa "haa" kafin ta yi barka. Gajera ce, ga baki, ga ido kamar na kaza a kan tsaba.

Ranar da aka kawo mini 'yan kunnen da marigayiya yayata ta bar mini, gidan ya ɗauka. Duwatsun sai walƙiya suke. Surukata na rantsuwa daimon ne, wato lu'ulu'u, jikokina na cewa kwalba ce. Sai ga babban ɗana, mai gyaran babur, da gudumarsa.

"Inna, ai abin da sauƙi. Daimon ba ya fashewa. In ya jure duka, na gaske ne."

Na ce, "Kai da ko kankana ba ka iya zaɓe ba?" Ban rufe baki ba na ji ƙwas! Ɗaya ya tarwatse a kan simintin tsakar gida.

"Kin gani? Kwalba!" Ya ɗaga guduma zai bi da na biyun, wai don a cire shakka.

Sai ga Mai Huci ta faɗo, takalmi a hannu. Ashe surukata ta kira ta a waya.

"Ajiye ƙarfen nan, uban ɓarna!"

Ta fizge ɗan kunnen, ta goge da bakin mayafi, ta haɗa shi da wani zoben jabu daga jakarta. Haa! Ta hura musu tare. Na jabun ya yi dishi-dishi, ya jima bai washe ba. Nawa kuwa tas, kamar ba a hura ba.

Ta ce, "Na gaske ba ya riƙe huci. Yaya, zauna kar ki faɗi!"

"To me ya fasa ɗayan?" in ji ɗana, murya ta yi ƙasa.

"Wa ya ce maka ba ya fashewa, sakarai? Karce shi ne ba a iyawa. Amma guduma? Ko na sarauniya ne sai ta raba shi!"

Duk da haka ta ce huci kan ruɗi mutum, ta ja ni shagon maƙerin zinariya. Ya ɗora wa dutsen tsinken na'urarsa ta gwajin daimon, ta yi tsuwa, ya gyaɗa kai. Ni da gwiwa ta hana ni sunkuyawa, sai ga ni ina rawa a ƙofar shago, Mai Huci na rangaɗa guɗa.

Da muka dawo, muka tarar da ɗana a durƙushe, yana tankaɗe sharar tsakar gida da rariyar surukata. Mai Huci ta leƙa ta kafaɗarsa.

"In ka samu ɗan ɓarɓashin dutsen, kira ni. Gudumar kuma ba ni nan."