Takun Ɗanlami Mai Ga-ruwa

Duk wanda ya zauna a tsohuwar Madina kafin famfo ya shiga gidaje ya san Ɗanlami, ko da bai san sunansa ba. Shi ne dogon mutumin nan da ke ratsa lungunan da ke kewaye da Harami, gora a kafaɗa, garwa biyu cike da ruwa suna reto gaba da baya. Larabawa suna ce masa saƙƙa, wato mai ga-ruwa. Iyayensa Kanawa ne da suka taso aikin hajji a ƙasa, aka haife shi a hanya ranar wata Alhamis, ya shigo Madina a goye. Bai taɓa ganin Kano ba, amma in ya buɗe baki sai ka rantse jiya ya baro ta.

Shekara talatin da ɗaya yana wannan sana'a, ta kuwa bar masa shaida biyu. Ta farko kanta ce a kafaɗar dama, baƙa wuluk, mai tauri kamar tafin ƙafa. Ta biyu tafiya ce: taku gajeru, gwiwa a ɗan lanƙwashe, kafaɗu cik ba motsi, don kada ruwan mutane ya zube a hanya. Da famfo ya zo, Ɗanlami ya sami aikin gadi a wata makarantar firamare, ya koma unguwar Bani Harisa da iyalinsa, ya jingine gorar a bayan ƙofa. Tafiyar ce dai ta ƙi jinginuwa. Ko masallaci zai je, hannu rabbana, haka zai riƙa ɗan sassarfa kamar mai tsoron ɓarin wani abu.

Ɗansa ɗaya namiji, Abdussamad, magatakarda a wani ofishi, farar jallabiya da alƙalami a aljihu. Kada wani ya ce yaron banza ne, wallahi ba haka ba ne. Kullum da safe sai ya sumbaci hannun ubansa kafin ya fita. Sai dai in an yi masa Hausa da Larabci yake amsawa, in kuma suka fito titi tare, ko ya yi gaba da taku biyar ko ya tsaya gyaran takalmi. Ɗanlami yana lura, abin kuma yana ci masa rai.

A shekarar 1979 aka sa ranar auren Abdussamad da wata yarinya 'yar unguwar Al-Azizya. A bikin mutanen nan ana wasan mizmar: maza su yi sahu suna tafi da waƙa, ganguna na tashi, mutum biyu su shiga tsakiyar fili kowa da gorarsa, suna kewayawa suna juya ta. A unguwarsu kuwa uban ango ne ke buɗe fili. Ɗanlami bai taɓa shiga ba. Lokacin da sa'o'insa ke koyo, shi yana hawa bene hawa huɗu da ruwa.

Wata rana ana cin abincin rana Abdussamad ya ce, da Larabcinsa mai laushi, "Abuya, kada ka wahalar da kanka. Na yi magana da Kawu Maikuɗi, shi zai buɗe fili a madadinka."

"To," in ji Ɗanlami. Ya tsame hannu daga kwano, ya ce ya ƙoshi.

Matarsa Ƙaltume ba ta iya ganin abu ta kau da kai. Yaron na fita ta ce, "Malam, kana raye, da ƙafafunka biyu, ƙanena zai tsaya a matsayinka? Saura wata biyu. Ka je ka koya mana!"

Masu koyarwa biyu ne a kusa. Akwai wani mai suna Bature a Al-Azizya, gwanin da ake labari, wanda samari ke cika filinsa kowace la'asar. Akwai kuma Haladu, wani tsohon Bahaushen Sudan mai sayar da shayi a Bani Harisa, gwiwarsa ɗaya ta mutu, yana koya wa sababbin shiga a tsakar gidansa. Ƙaltume ta ce Haladu. Ɗanlami ya ce haba, da furfurarsa zai je a fara masa daga tushe, kuma wajen mai ɗingishi? In za a koya, a koya wurin gwani. Girman kai dai, ba ya tambayar shekarun mutum kafin ya hau shi.

Filin Bature ba wurin koyo ba ne, wurin nuna iyawa ne, amma wa zai gaya wa Ɗanlami? Bature ya tarbe shi da fara'a, "Ahlan ya ammi," ya miƙa masa gora mai santsi, ya ce ya shiga ya yi yadda ya ga ana yi. Ɗanlami ya shiga yana buɗa ƙafa, yana ƙoƙarin yin irin takun samari don ya ɓoye nasa. Wani matashi ya wulwulo gora ta wuce kusa da kunnensa. Cikin firgita ya ɗaga tasa sama, saitin kan yaron.

Ganguna suka tsaya cak. Ashe a mizmar, ɗaga wa mutum gora bisa kai neman faɗa ne, kuma an sha fasa kawuna a kan abin da bai kai wannan ba. Abokan yaron suka yo ca, sai da Bature ya shiga tsakani yana cewa, "Ma'alesh, a yi haƙuri, tsoho ne, bai sani ba." Wannan magana ta fi duka zafi. Yana fita ya ji wani a bayansa yana cewa ai saƙƙa ne, garwa ya sani. Ya tako har gida a ƙasa, kunya kamar ta kashe shi.

Kwana uku bai sake neman filin kowa ba. Rana ta huɗu bayan la'asar ya sa takalmi ya nufi gidan Haladu, Ƙaltume ta bi shi da ido.

Ɗaliban Haladu uku ne, duk magidanta: tela ɗaya, direbobi biyu. Ba ganga, sai wata tsohuwar garwa da Haladu ke bugawa daga zaune. Ɗanlami ya nemi gora, Haladu ya ce, "Gora kuma? Ɗan'uwa, nan sai mutum ya yi mako biyu bai taɓa gora ba. Za ka koyi yadda ake shiga fili, yadda ake gai da sahu, yadda ake ba abokin wasa hanya, da yadda ake fita ba a ɓata wa kowa ba. Kewaya mu gani."

Ya kewaya da takun aro, yana tangaɗi.

"Tsaya. Wannan tafiyar ta wane ne? Na shekara ashirin ina ganinka kana wucewa ta gaban teburina, ba haka kake tafiya ba."

Ɗanlami ya sunkuyar da kai. "Waccan ta ga-ruwa ce. Ita yarona ba ya son gani."

Haladu ya murza gwiwarsa. "Ni dai ba ni da wata da zan ba ka cikin wata biyu. Waɗannan ukun, wata shida ina fama da su su riƙe kafaɗa cik ƙafa na aiki, sun kasa. Kai an riga an koya maka. In za ka shiga fili, da ita za ka shiga. In ba ka so, bar wa surukinka."

Ya koma gida yana juya maganar. In ya shiga da takun aro, zai faɗi a gaban surukai. In ya shiga da nasa, kowa zai tuna ɗan wane ne angon. Ya daɗe a tsaye a bayan ƙofa yana kallon tsohuwar gorarsa, wadda tsakiyarta ta yi sulɓi saboda gumi. Washegari ya kai ta wurin kafinta aka cire ƙugiyoyin da ake rataya garwa.

Ranar biki mai unguwa ya sa sharaɗi a gama wasa kafin magariba. Sahu ya cika, ganguna suka ɗauka, Maikuɗi ya gyara tsayuwa zai shiga. Ɗanlami ya dafa shi ya ce, "Dakata, ubansa na nan." Ya shiga, ya gai da sahun dama, ya gai da na hagu, gora a ƙasa-ƙasa yadda Haladu ya koya masa. Juyi ɗaya tak ya iya, shi ya riƙa maimaitawa. Ƙafafu kuwa suka kama aikinsu na shekara talatin da ɗaya, taku gajeru, daidai da kiɗa, kafaɗu ko gezau.

Can cikin dangin amarya wani dattijon Balarabe ya miƙe, ya ƙura ido, ya ɗaga murya: "Ya saƙƙa! Wallahi shi ne, mai kawo mana ruwa!" Tsofaffin da suka taso a lungunan Harami suka ɗauka, suna tafi suna "Saƙƙa! Saƙƙa!"

Gaban Ɗanlami ya faɗi. Abin da ɗansa ke gudu ke nan, ga shi an faɗe shi da ganga a gaban surukansa da abokan ofishinsa. Bai tsaya ba, don Haladu ya ce ba a tsayawa a tsakiyar fili, amma da ya kewayo ya saci kallon inda ango yake. Kujerar ba kowa.

Ya ci gaba da kewayawa, idonsa na yaji. Sai ya ji taku a bayansa. Abdussamad ne, da gorar Kawu Maikuɗi a hannu. Yaron ya iya wasan sarai, ya iya tsalle da wulwulawa irin na filin Bature, amma bai yi ko ɗaya ba. Ya rage takunsa, ya ɗan lanƙwasa gwiwa, ya bi sawun ubansa har suka kewaya sau uku.

Da suka fito, Ɗanlami ya miƙa masa hannu yadda suka saba kowace safiya. Abdussamad bai karɓa ba. Ya ɗora tafinsa a kafaɗar dama ta uban, yana laluben taurin nan ta cikin riga, ya ce da Hausarsa mai karkata, "Baba, nan ne?"

"Nan ne," in ji Ɗanlami.

Ango ya sunkuya a gaban sahu biyu na mutane, ya sumbaci wurin.