Hannun Maman Tukuna a Kan Filas

A layinsu ba wanda yake kiranta da sunan da iyayenta suka raɗa mata. Maman Tukuna ake ce mata, kuma 'ya'yan cikinta ne suka laƙaba mata. Shekarunta hamsin da bakwai. Shekara talatin da ɗaya ke nan tana guga a ɗakin wanki na wani asibiti, galibi zannuwan gado da rigunan ma'aikata. Tana zaune da mijinta, tsohon direban bas, a gida mai ɗaki biyu da falo, bayan wani shagon faci. Ta haifi biyar, huɗu suna raye. Kujerun teburinsu shida ne, babu biyu da suka yi kama da juna. Da wata baƙuwa ta yi mata maganar, cewa ta yi duk ƙafa huɗu gare su.

A teburin nan sunan ya samo asali. Kowace safiya, shida saura kwata, ana ajiye burodi da kofuna da filas ɗin shayi. Takan yi addu'a gajeriya cikin sunan Yesu, a ce amin, sai ta ɗora tafin hannunta a kan murfin filas. Duk wanda ya miƙo kofi, sai ta ce, "Tukuna." Ba a zuba shayi sai kowa ya faɗi abu ɗaya da yake gode wa Allah dominsa.

Dokar ba ta tsaya nan ba. Ba a karɓar rai da lafiya, don a cewarta ko mai magagi zai iya faɗin wannan. Dole ya zama abin da mutum ya gani jiya da idonsa. Kuma ba a maimaitawa. Ba ta rubuta komai, amma wanda ya gwada ɗauko godiyar bara, takan faɗa masa ranar da ya faɗe ta da rigar da ke jikinsa.

Yara sun yi abin da yara suke yi da doka. Ɗanta na biyu ya taɓa gode wa Allah da zakaran maƙwabta ya mutu. Ta karɓa, sannan ta tura shi ya yi musu jaje. Auta ta gode da malamin lissafi ya yi mura. Mijin ne ya fi kowa dabara. Wata shekara ya gano haƙoransa.

"Na gode wa Ubangiji saboda haƙorin gaba na sama, na dama."

"Ka gan shi jiya?"

"A madubi, Maman yara. Yana nan daram."

Ya kwashe kwana ashirin da shida a haka. Da ya koma yatsun ƙafa, ta ce wannan lafiya ce ta shigo ta ƙofar baya.

Tata godiyar ba ta da girma. Ruwan famfo ya zo kafin ta fita. An ba ta gefen taga a bas. Dutsen guga bai ƙona komai ba. Da ɗanta na biyu ya samu aiki ya ce zai kama musu gida mai ɗaki huɗu, tambayarsa ta yi wa zai riƙa share shi. Maganar ta mutu a nan.

A zumuntar mata ta cocinsu an san yadda dokar ta fara, don ta ba da labarin ya fi a ƙirga. Ɗanta na uku ya rasu yana da wata huɗu, zazzaɓin kwana biyu. "Washegari," takan ce, "na tashi, na nemi abu ɗaya na gode wa Allah." Matan sun haddace shi. In ta kai kan "washegari" har tayata faɗa suke yi.

A farkon bana, babbar 'yarta, wadda ake kira Malama don tana koyarwa a firamare, ta haihu. Jaririyar ba ta zo da rai ba. Mijin Malama yana aikin gina titi a nesa, likita kuma ya ce kada a bar ta ita kaɗai, saboda haka aka kawo ta gida. Aka ba ta gadon Auta, Auta ta koma kan doguwar kujera a falo.

Safiyar farko, hannu ya hau filas. Mijin Maman Tukuna ya faɗi nasa, Auta ta faɗi nata. Aka zo kan Malama. Tana kallon kofinta. Maman Tukuna ta jira. Ba ta yi faɗa ba, ba ta kuma ɗage hannu ba. A ganinta magani take bayarwa, wanda ita ma ta sha ya yi mata aiki. Bayan minti goma Malama ta tashi ta shige ɗaki. Rana ta biyu ma haka.

Rana ta uku Malama ta fito da jakarta ta ajiye bakin ƙofa.

"Mama, ƙanwar mijina za ta zo ta ɗauke ni gobe da ƙarfe bakwai."

"Gidan nan ya yi miki kaɗan ne?"

"Ba gidan ba ne. Idan sai na yi ƙarya zan sha shayi, gara in je inda ba a tambayata."

"Abu ɗaya fa kawai, 'yar nan. Ko ƙarami."

"Ba ni da shi, Mama. Na duba."

Tun da ya yi ritaya, mijin ne yake raka Maman Tukuna bakin titi ta hau bas. Ran nan suka wuce shagon faci. Sai da suka tsaya ya gyara murya.

"Maman yara, labarin nan da kike ba mata a coci."

"Wanne?"

"Na washegari."

"Me ya same shi?"

"Ba abin da ya same shi. Labari ne mai kyau. Sai dai wata bakwai ne."

Ta juyo ta kalle shi.

"A watan uku muka binne yaron," in ji shi. "A watan goma kika fara godiya. Ni na sani, don ni nake dafa shayin duk tsawon lokacin, kuma ban iya ba. Abin da kika fara faɗa shi ne kin gode wa Allah yau ba ni na dafa ba."

"Shekara ashirin da shida, Baban yara, ba ka taɓa buɗe baki ba?"

"Ba ki tambaye ni ba. Kuma matan suna son labarin." Ya leƙa titi. "A wata bakwai ɗin nan ban ji wanda ya ce miki tukuna ba. Ni ban ce ba. Allah ma, iyakar sanina, bai ce ba. Ga bas ɗinki."

A ranar aka kawo mata zannuwan ɗakin haihuwa. Ta goge su duka, ta ninke. Abokiyar aikinta, wadda teburinsu yake jere shekara goma sha biyar, ta ce ɗaya ya fito da hoton dutsen guga a tsakiyarsa, ruwan ƙasa, ba ɓoyewa. Ta ce ba ta taɓa ganin haka daga wannan teburin ba, kuma ba ta yi tambaya ba.

Da ta dawo gida jakar tana nan bakin ƙofa. Ta tsallake ta, ta shiga ta dafa abinci.

Washegari, na gaskiya wannan karon, shida saura kwata, aka zauna. Ta yi addu'a. Ta ɗora hannu. Mijin ya gode da mai faci ya mayar masa da sukuddireban da ya ara. Auta ta gode da wuyanta ya fara sabawa da kujera. Aka zo kan Malama. Maman Tukuna ta ɗage hannunta, ta murɗa murfin, ta cika kofin 'yarta, ta yanka burodi ta tura mata gabanta. Sannan ta zuba wa sauran.

Auta ta kalli babanta. "Baba, kai ma ka gani?"

"Na gani. Ni da na ƙarar da haƙorana a teburin nan."

"Mama, an soke dokar ke nan?"

"Ke da babanki tana nan," in ji ta. "Yayarki tana da wata bakwai. In ba su isa ba, a ƙara."

Malama ta sha rabin kofin. Ƙanwar mijinta ta iso bakwai da minti biyar. Aka ba ta kujerar da ta fi tsayi, aka zuba mata shayi, ta koma ita kaɗai. Da rana Auta ta mayar da jakar ɗaki.

A taron zumuntar mata na gaba, Maman Tukuna ta miƙe ta ce akwai gyara. Ta ba da labarin daga farko, kuma da matan suka buɗe baki za su ce "washegari," ta ce musu wata bakwai ne, mijinta shaida. Wasu sun ce na dā ya fi daɗin ji. Wata mata da take zama a layin baya, wadda ba ta cika magana ba, ta same ta bayan an tashi, ta riƙe hannunta, ta daɗe ba ta saki ba.

Malama ba ta cinye wata bakwai ɗin ba. A mako na goma sha ɗaya, wata safiyar Talata, uwarta ta kai hannu za ta murɗa murfi, sai Malama ta ce, "Mama, tsaya." Sannan ta ce, "Na gode wa Allah ruwan famfo ya zo jiya kafin in fita."

Mijin ya ɗaga yatsa. "Wannan an faɗe shi. Ke da bakinki, Maman yara, shekarar da aka..."

"Ban tuna ba," in ji Maman Tukuna. "Miƙo kofinka."