Ɗan Farin Malam Jibrilla

A tashar Jimeta wani dogo mai tabarau da koɗaɗɗiyar kwat yana jiran motar Zariya. An ɗaure akwatinsa a sama, amma ya rungume wani ƙunshin takardu.

"Kawo, Malam," in ji direba.

"A'a. Bincike ne kan zaman masuntan Binuwai. Irinsa maɗaba'ar jami'a ke aiko ni nema."

Marubucin, Malam Jibrilla, tsohon malamin makaranta, yana gefe ya kau da kai, yadda Bafulatani ke yi wa ɗan fari don kunya.

"Shirme ne kawai," in ji shi.

Dogon bai musa ba. Ina jin ya saba da irin wannan kunya. Yayyafi ya soma, sai ya tuɓe kwat ɗinsa ya lulluɓe shirmen.