Allurar da Baba Yohanna Ya Wasa

Ban taɓa mantawa da safiyar da Baba Yohanna ya shigo shagonmu na gyaran rediyo rungume da faifan garmaho cikin ɗankwalin mace ba. A Kafanchan ne, kusa da tashar jirgi, ba da daɗewa ba bayan motoci sun koma hannun dama. Maigidana Mista Bitrus shi ne babban injiniya, ni ne mataimakinsa. Mu biyu ne kaɗai a shagon, amma duk da haka ku 'yan gyaran waya ku riƙa gaishe ni da kyau. Da aji huɗu na firamare na zama mutum na biyu a kamfani.

Baba mai bishara ne daga Godogodo. Matarsa Saratu ce mai siririyar murya a kwaya, wato ƙungiyar mawaƙan cocinsu. An taɓa ɗaukar waƙarsu aka buga faifai kaɗan, guda ya zo hannunsa. Tun da ta rasu, kowace safiya sai ya sa ya ji ta kafin addu'a.

"'Ya'yana," ya ce, "maza suna nan, ganga tana nan. Saratu ce take tafiya."

Ku buɗe kunne, farfesa zai yi bayani. A cikin faifai akwai siririyar hanya mai lanƙwasa, allura ke bin ta. Murya mai kauri lanƙwasarta manya ne, kowace allura za ta bi. Siririyar murya kuwa nata ƙanana ne, a matse. Allura mai dunƙulallen kai tsallake su take yi. Mai kai irin ƙwayar shinkafa ce ke shiga kowane lungu ta fito da su.

Mista Bitrus ya buɗe garmahon da Baba ya zo da shi, ya duba allurar da gilashin ƙara girma, ya daɗe bai ɗago ba.

"Baba, wa ya taɓa wannan?"

"Ni ne. Da na ji muryar tana raguwa, na ce allura ta dakushe. Na wasa ta a dutse."

"Kamar lauje?"

"To, da yaya ake wasa abu?"

Na so in yi dariya, ta maƙale. Bakin allurar ya zama kurfi mai kaifi irin na sassaƙa. Kowace safiya Baba yana kankare matarsa da hannunsa, don tsabar son ya ji ta.

Maigidana ya ce akwai sauran dabara. Mai kan shinkafa ba daidai inda tsohuwar ta ci take taɓawa ba, wataƙila ta tarar da abin da ya rage. Muka aika Jos a sayo ta, ta hannun wani ma'aikacin jirgi.

Ranar da ta iso, Baba ya zo da kwat ɗinsa ta Lahadi. Na wanke faifan, na ɗaura allura, na sauke ta a hankali. Maza suka fito tangaram, har tarin wani muka ji. Da aka zo inda Saratu za ta ɗaga waƙa, sai shuuu, kamar ruwa a kan kwano. Muka sake sawa. Shuuu.

Baba ya naɗe faifan cikin ɗankwalin.

"Bitrus, mayar mini da tsohuwar allurata."

"Baba, ita ce fa ta yi ɓarnar."

"Na sani. Amma da ita, ina iya cewa laifin allura ne. Wannan taku ba ta bar mini abin cewa ba."

Ni na ɗaura masa ita, da waɗannan hannuwan na injiniya.

Abin da aikin nan ya koya mini ke nan. Siririn sauti shi ke fara mutuwa, kuma a hannun wanda ya fi son sa. Sannan ba kowane mai kawo gyara ne yake iya ɗaukar abin da gyaran zai nuna masa ba. In tsohuwa ta kawo muku waya ta ce muryar wani tana ciki, ku zauna tukuna kafin ku ɗauki sukundireba. Mu ba mu zauna ba.